Idon Yayana a Allon Kwamfuta

Yayana ne ya koya mini tuƙi, da ranƙwashi da “kai, jaki ne kai?” Tun muna unguwar Nakkasa a Makka yake jigilar alhazai da bas ɗin wani kamfani tsakanin Makka da Madina, kuma ko madubi bai taɓa fasawa ba. Kowa sai yabonsa. Ni kuwa haushinsa nake ji, ba zan ɓoye ba.

Mu uku muke shiga tseren awa shida a wani fili wajen Jidda: ni, da shi, da mai motar, wani mai warshar gyaran mota a unguwar Ka'akiyya. Irin tseren nan mota ɗaya ce, direbobi na karɓa-karɓa, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Kullum Yaya ke farawa, shi ke rufewa. Ni tsakiya ake jefa mini, lokacin da rana ke dafa mutum cikin hular kwano.

Sai mai mota ya sayo wata na'ura da ke rubuta duk abin da ƙafar direba ta yi: inda ya taka birki, inda ya saki totur. Da yake ni na iya kwamfuta, aka ce in riƙa karantawa. Ranar gwaji na ga abin mamaki. Duk kwanar hagu Yaya na sakin totur tun da nisa, kamar mai lalube. Kwanar dama kuwa lafiya lau.

Na nuna masa a bayan warsha. Ya ce ciwon suga ne ya fara cin idonsa na hagu.

“Ka rufa mini asiri, ƙanena. Wannan tseren kaɗai, halas, shi ke nan. Daga nan ni da kaina zan je asibiti, in faɗa wa kamfaninmu.”

Mutumin da bai taɓa roƙona ko ruwan sha ba! Wallahi daɗi na ji.

Washegari ana cin shinkafa da kaza a warsha, makanikai duk sun hallara, na juya musu allon. Na ce, “Ku zo ku ga gwaninku. Makaho muke ba sitiyari!” Har na rufe ido ɗaya ina kwaikwayon tuƙinsa. Aka yi dariya, mutum biyu ko uku. Yaya ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya wanke hannu, ya fita.

Kafin Juma'a labari ya kai kamfanin alhazai, suka karɓe makullin bas. Na sha gaya wa mutane rayukan bayin Allah na ceta. Ƙarya nake. Ko alhaji ɗaya bai faɗo mini a rai ba, kujerarsa nake so. Na kuwa samu: ni na fara tseren, ni na rufe.

Yanzu idon dama ma ya tafi. Duk Juma'a ni ke riƙe hannunsa mu ratsa unguwar Misfala zuwa Harami. Masu shaguna kan ce, “Masha Allah, Allah ya saka maka da abin da ka yi wa ɗan'uwanka.”

Ni sai in kau da kai. Yaya ne ke matse mini hannu, ya ɗaga murya ya ce, “Amin.”