Fentin Baba a Kan Dutse

Mahaifina mai fenti ne. Shekara arba'in ya yi a kan tsani yana gyara bangon mutane, kuma duk unguwa Sau Biyu ake kiransa, domin ko mai gida ya ce shafa ɗaya ta isa, sai Baba ya jira ya fita ya ƙara ta biyu. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin bene. Kowane buroshi da ƙusarsa, a wanke shi da kananzir a rataye. Ka ɗauki ɗaya ka mayar ba a wurinsa ba, ranar sai ka ji tarihin kakanninka.

Bayan fenti, abin da yake so a duniya shi ne dutsen bayan gari. Kowace Asabar da sassafe yake hawa. Umma takan ce mutumin da ya yi kwana shida a kan tsani, ranar hutunsa kuma ya tafi neman abin da ya fi tsani tsawo, addu'a kawai za a yi masa. Yayyena maza biyu sun gwada sau ɗai-ɗai suka ce a kai kasuwa. Ni ce na liƙe masa tun ina 'yar shekara tara, har na girma na zama malamar makaranta ban daina ba.

Dutsen ba shi da hanya. Rabin farko tafiya ce cikin ƙaya da tsakuwa, daga nan sai a koma hannu da gwiwa. Akwai wata tsaga da ba ka wucewa sai ka juya gefe ka tsuke ciki, Baba ya sa mata suna Maganin Tumbi. Gaba da ita akwai falalen dutse mai santsi da ake hayewa da rarrafe, gefensa kwazazzabo ne da ba a son leƙawa. Bai taɓa riƙe mini hannu ba. Yana gaba, yana faɗa mini inda zan sa ƙafa ba tare da ya waiwayo ba. Idan mun kai ƙololuwa sai ya buɗe filas ɗin shayi, ya shiga nuna mini gidajen da ya yi wa fenti, yana kushe aikin sauran masu fenti daga nisan da ko taga ba a gani.

Shekarar da ya cika sittin da takwas ya daina kushen. Ya kuma rufe shago, ya ce baya ke damunsa. Na yarda, don ban ga dalilin da zai sa ya yi mini ƙarya ba.

Wata Asabar ya fito da ƙaramin gwangwanin farin fenti da buroshin da ya fi so. Ya ce zai sa wa hanyar alama saboda masu zuwa bayanmu. Duk inda za mu karkata sai ya tsaya, ya shafa dutsen da ke gabansa da tafin hannu, ya zana farin da'ira mai faɗin faranti. Na tambaye shi ko jirgin sama yake yi wa alamar. Ya ce in riƙe gwangwani in rufe baki, shafa ta biyu kuma a dawowa za mu yi ta. Da'ira ashirin da shida ya yi, babu wadda ta ɗiga.

Muka kai sama, muka sha shayi, muka juyo za mu sauka. Na duba gangaren, babu fari ko ɗis. Mai fenti dai fuskar bangon da ke kallonsa yake shafawa, ba ya zagayawa bayansa. Duk alamomin suna kallon mai hawa, sun juya wa mai sauka baya. Na yi dariya har na riƙe ciki, na ce yau Umma ta sami labarin shekara.

Baba bai yi dariya ba.

"Uwata," ya ce, haka yake kirana, "ba ki hango ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Baba."

Ya lalubi dutse ya zauna. A nan ya gaya mini cewa bayansa lafiya ƙalau. Wata biyar ke nan likita ya ce masa jijiyar idonsa ke mutuwa, kuma ba ta gyaruwa. Yanzu abu babba mai fari ƙal kaɗai yake rarrabewa sosai. Hawa yakan iya da lalube, amma sauka ta fara gagararsa, tsawon makonni takun ƙafata yake bi da kunne. Ni ko na ɗauka ladabi yake koya mini da ya fara cewa in wuce gaba in za mu sauka. Alamomin don kansa ya yi su. Ya san ranar da Umma ta ji, shi da dutsen sun yi sallama.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba, ina yi ina kuka, shi kuma yana ta juya buroshi a hannu. Da na gama ya ce rana tana yi, mu tafi.

Ranar na ɗora hannunsa a kafaɗata. Shi ke faɗin abin da ke gaba da ka, ni ina faɗin abin da idona ya gani. A falalen dutsen nan da hannuna na riƙa kama dugadugansa ina ajiyewa a inda ya koya mini. Na tsorata ƙwarai. Amma duk da'irar da muka wuce sai ya tsayar da ni, mu juya, ya yi mata shafa ta biyu. Na ce masa Baba don Allah, ya ce aiki ba a barinsa rabi.

Umma ta ji komai a bakina tun kafin mu cire takalma. Ta ce an gama, ba shi ba dutse. Baba bai yi musu ba, ya shiga ɗaki. Kwana uku bai tsokani kowa ba, gidan ya yi shiru kamar an yi rasuwa.

Asabar ta gaba na je shagonsa na cire buroshi daga ƙusa, na hau ni kaɗai. Na sauko ina yi wa bayan kowane dutse fenti, manya-manya, har sun fi nasa. Sai na zauna da Umma. Mun daɗe ina lallashinta ta bar shi ya sake hawa. A ƙarshe ta ce in na dawo mata da shi da ko ƙwarzane, kada in shigo mata gida.

Mako na zagayowa muka hau. Har muka juyo daga ƙololuwa ban gaya masa aikin da na yi ba. Ya tsaya ya ƙura wa gangaren ido, sai ya saki kafaɗata, ya taka shi kaɗai har gaban alamar farko. Ya shafa ta da tafin hannu, yatsunsa suka bi layin fentin da ya zuba ya bushe.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ce, Baba."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

Ya yi tsaki, ya girgiza kai, ya ce ba shi ya koya mini ba. Hannunsa dai bai bar kan dutsen ba. Can ya ce, a hankali, "Amma ina ganinta, Uwata. Ga ta biyu ma can."

Ya wuce gabana, na bi shi.