Jatan Landen da Ba Shi da Ido

Ni ce 'yar fari a gidanmu da ke Badarawa a Kaduna, don haka Umma ba ta taɓa kiran sunana ba. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta gam: ba ta yabona, ba ta tambayata komai, ko abinci sai ta ba ƙanwata ta miƙo mini. Ina ƙarama ban damu ba. Da na girma abin ya fara ci mini rai.

Karatu ya kai ni nazarin halittun teku, ni da ko kogin Kaduna ban taɓa tsoma wa ƙafa ba. Na samu shiga jirgin ruwan masu bincike. A wata fita muka ciro wani ɗan jatan lande daga can ƙasa inda hasken rana ba ya kaiwa, fari fat, ba shi da ido ko ɗaya. Ni na fara lura babu irinsa a littattafanmu.

Na taho Kaduna da hotonsa, kaina ya kumbura. Na iske Umma tana tsince shinkafa a tsakar gida, maƙwabta biyu na zaune. Na durƙusa na ajiye hoton gabanta, na ce, "Umma, ga abin da na gano." Ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce wa ƙanwata, "Ɗauke takardar nan kar ta jiƙe."

Zuciya gare ni, ban musa ba. Washegari na koma Legas inda nake aiki, shekara biyu ban zo ba. Waya ma sai gaisuwar Sallah. Ina kan ruwa aka ce Umma ta rasu.

Ranar sadakar uku wata tsohuwa maƙwabciyarmu, aminiyar Umma, ta ja ni gefe. Ta ce, "'Yar nan, ke ce ta ƙwaron nan makaho? Ai babu gidan da uwarki ba ta kai hotonsa ba a layin nan. Sai dai ba ta da kwanciyar hankali. Duk sanda aka ce kin fita teku, azumi take ɗauka har ki dawo. Ta ce in kin zo in tambayar mata, tunda ita ba za ta iya ba: wai da kanki kike nutsewa har can ƙasa?"

Na zauna dirshan a ƙasa, kuka ya ƙwace mini. Ban taɓa nutsewa ba. Na'ura ake zurawa da igiya, ni kuwa ina zaune kan kujera da kofin shayi ina kallon allon kwamfuta. Na faɗa wa tsohuwar haka.

Ta ce, "Kayya. Da kin zo bara, da na kai mata amsar nan."