Tsagar da Goggo Dija Ta Gani

Ranar wata Laraba, a daminar da na shiga aji huɗu, Goggo Dija ta ja ni bayan gidanmu na Tumfure ta ce in taɓa ƙasa. Wata tsaga ce siririya, ta taso daga bakin kwari ta nufo ɗakin da mu yara muke kwana. Hannuna ya shige har wuya. A lokacin Tumfure gonaki ne, gero da gyaɗa har ƙofar gida, mu kuwa ba abin da ke gabanmu sai langa da korar awaki daga shuka.

Goggo ƙanwar babanmu ce, ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Baffa Buba, babban gida, shi ya gina ɗakin, kuma ba a ce masa aikinsa ya karkace. Da aka taru a tsakar gida kan maganar tsagar, kafin ta buɗe baki ya riga ta: "Ku saurare ta, amma ku sani tun da mijinta ya rasu take ganin abin da babu." Shi ke nan. Ta yi bayani tiryan-tiryan, mata suna ta "Allah sarki". Ta ɗaga murya, aka ce ciwon ne ya motsa. Da ta kwashe tabarminmu ta garƙama wa ɗakin kwaɗo, sai aka kai ta ƙauye neman magani, aka ɓalle kwaɗon, muka koma. Kafin kaka, wata rana da hantsi muna makaranta, ɗakin ya bi kwari da duk abin da ke cikinsa.

Sai da na girma ina koyar da muhawara na san abin da Baffa ya yi yana da suna. Turawa suna ce masa zuba guba a rijiya. Asalin kalmar daga yaƙin zamanin da ne, inda ake lalata rijiyoyi kafin abokan gaba su iso, don duk abin da aka ɗebo daga baya ya zama abin tsoro.

Yau Tumfure ta cika da gidajen bulo, kwarin kuwa bai ƙoshi ba. Idan na wuce a keke nakan leƙa shi, in tuna da Goggo, raina ya ɓaci. Ko bayan faɗuwar ɗakin, babu wanda ya je ƙauye ɗauko ta. Cewa aka yi bakinta ne ya kayar da ɗakin.