Allurar da na hana maigidana

Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye kusa da Hunkuyi, ban yi boko ba, matar ɗana ce take rubuta wannan ina faɗa mata. A ƙarshen mulkin soja, lokacin da man fetur ke wuya, asibiti kuma sai gado babu magani, ni matar mai yin mazarƙwaila ce, kuma mace ce mai jin kanta. Maigidana mutum ne mai sanyin hali, ya fi sauraron maganata fiye da ta kowa. Doki na juya injin matsar rake, shi kuma yana tsaye kan kasko, da ido kawai yake gane ruwan ya yi kaurin da za a sauke. Har daga Makarfi ake zuwa sarin tasa.

Ciwon ya fara da yawan ƙifta ido. Muka ce hayaƙi ne. Daga baya fatar idon ta riƙa damƙewa da kanta, kamar an ɗaure bakin jaka, sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Idon lafiyarsa ƙalau, in na sa yatsu na buɗe masa yana ganina sarai, in na saki ya koma. An yi rubutu, an yi turare, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce abokan sana'a ne suka yi masa aiki. Da kasko biyu suka ƙone a hannunsa, sai ya bar wajen matsa ya dawo zaure.

Na riƙe masa sanda muka je babban asibiti a Zariya. Wani likita da bai daɗe da dawowa daga waje ba ya duba shi, ya ce ba makanta ba ce, naman da ke rufe ido ne yake matsewa fiye da kima. Ya ce akwai allura da ake yi kaɗan-kaɗan a gefen ido, ta sassauta naman, mutum ya samu wata uku ko huɗu yana gani, sannan a sake. Ya ce kaɗan ya zo da ita, kuma in an buɗe kwalba a ranar ake gama ta, don haka ya tara masu irin ciwon rana ɗaya, wata Laraba. Maigida ya yi ta hamdala har hawaye na fita ta rufaffen ido.

A bakin ƙofa ne wata mata mai jiran layi ta ja ni gefe. Ta ce ita ta ji labarin allurar nan, ita ce matan masu kuɗi a ƙasashen waje suke yi don tamojin fuska ya baje su koma 'yan mata, kuma daga guba ake yin ta. Ban koma na tambayi likitan ba, ga shi taku goma ne tsakaninmu. Abin da ya zo mini a rai ba ma gubar ba ce, taubasansa ne. Maigida yana da taubasai masu baki, waɗanda tun da ciwon ya fara suke tsokanarsa wai kunyata yake ji shi ya sa yake rufe ido. Na hango su a dandali suna kiransa amarya, suna tambaya ko saura jan baki da lalle. Na ga kamar ni za a yi wa dariyar.

Tun a mota na fara. Na ce dattijo mai gemu ba ya allurar kwalliya, na ce guba a gefen ido sai ta ƙarasa abin da ya rage. Ya ce shi dai ya ƙosa ya ga gonarsa, dariya kuma ba ta kisa. Na yi kuka, na kira yayansa na ƙara wa maganar gishiri. Ranar Larabar ya yi wanka da sassafe, ya sa babbar riga, ya zauna a zaure da sandarsa yana jirana. Na ƙi fitowa daga ɗaki. Da rana ta take ya cire rigar ya ninke da lalube, bai sake tayar da maganar ba har abada.

Bayan shekara na ga wata maƙwabciyarmu Kirista, wadda a da wuyanta ya karkace har haɓarta na taɓa kafaɗa, tana tafiya coci kanta a miƙe. Na tambaye ta, ta ce allurar nan ce a wajen likitan nan. Washegari na ja maigida muka koma Zariya. Aka ce likitan ya bar ƙasar kamar sauran 'yan'uwansa likitoci, kuma babu mai allurar.

Shekara tara ya yi a zaure. Duk jikan da aka haifa, sai a ɗora masa a cinya, in tsuguna in buɗe masa ido da yatsuna, ya kalli fuskar yaron ɗan lokaci kafin fatar ta ƙwace. Ranar da ya cika, da hantsi, naman ya saki, idanun suka buɗe da kansu, farare tas kamar na saurayi. Ni da na shekara tara ina buɗe su, ni na sa hannu na rufe su.

Ya yafe mini tun yana da rai, ni ce na kasa yafe wa kaina. Yanzu na gane magani ba ya zama abin kunya don wasu sun yi ado da shi. 'Yan'uwana mata, in kun ji magana a bakin ƙofar asibiti, ku koma ciki ku tambayi mai aikin. Taubasan da na ji wa tsoro sun zo gaisuwa suna kuka, babu wanda ya yi dariya. Ku sa shi a addu'a, ni ma ku sa ni.