Ja a Dama, Kore a Hagu

Ɗana yana da shekara huɗu na fara koya masa launuka. Da ƙyallayen da ake yankewa a shagon atamfar mahaifina, a Kasuwar Kilomita Biyar, nake yi. In an yi la'asar sai in baza su a tabarma, in ɗaga ɗaya, ya faɗi sunansa.

Fari da baƙi bai sha wuya ba. Shuɗi da rawaya ma ya kama su da wuri. Ja da kore ne suka ƙi zama. In na ɗaga ja, wani lokaci ya ce ja, wani lokaci ya ce kore, kuma da gaske yake faɗa. Babansa ya ce Hausar ce ta yi masa nauyi, tunda da yaren Sango yake wasa a layi. Na gwada da Sango, na gwada da Faransanci. Amsar ba ta canza ba. Abin da nake so in sani shi ne ko idonsa lafiya, domin 'yar ƙanwata, wadda ya girma, ta riga ta iya.

Wata Juma'a mahaifina ya biyo ta gidanmu a unguwar Kokoro, ya tarar na matsa wa yaron har ya fara kuka.

"Ke, sakar min aboki," ya ce. "Kawo su nan."

Ya karɓi ƙyallayen biyu, ya juya su a hannu, ya dubi yaron.

"Kai malalaci, wanne ne ja?"

"Wannan, Kaka."

"To, ni ma da shi zan ce." Sai ya juyo gare ni. "Mun ci ko mun faɗi?"

"Kun faɗi, Baba."

Ya yi dariya. A gidanmu kowa ya san mahaifiyata ce ke jera masa kaya duk ranar da mota ta iso daga Kamaru, ja a kantar dama, kore a ta hagu. Mun taso muna ganin haka, muna ɗauka tsari ne kawai. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Washegari ya aiko ɗan acaɓa ya ɗauke mu zuwa shago. Ya zaunar da jikansa a kan benci, ya nuna masa dama da hagu, sannan ya koya masa yadda ake yi da mai saye: ba ka fara kiran launi, sai ka sauko da turmi biyu ka ce, "Hajiya, wanne ya kwanta miki?" Ita za ta faɗi sunan da bakinta.

Daga baya likitan ido ya tabbatar mana cewa gado ne, kuma ba ya da magani. Na daina ɗaga masa ja da kore. Ranar da zai shiga makaranta na je da kaina na shaida wa malamarsa, don kada ta buge shi a kan zane.