Gwaggo da Funfunarta

Gwaggona funfuna take kiwo, kuma da gaske nake. A ɗakin gwaji take aiki, inda ake kai hatsi a duba ko ya lalace. Mutane in sun ga burodi ya yi kore sai su yar, ita kuwa sai ta kai hanci tana murmushi. Da madubin ƙara girma take raba su dangi-dangi: masu kai kamar tsintsiya gida guda, masu kai mulmulalle gida guda. Wasu guba suke fitarwa mai cin hanta, wasu magani. Tana ba da labarinsu kamar tana gulmar maƙwabta, har ta ce wance muguwa ce amma kyakkyawa.

Wata damina Gwaggo ta kankaro wata shuɗiyar funfuna a bangon ɗakin Kaka, mahaifiyarta, kafin Kaka ta dirje wurin. Ta shuka ta a farantin gilashi, sai ga ƙwayoyin cutar da ke kewaye duk sun mutu. Dangin funfunar kuma ya ƙi ganuwa. Gwaggo ta zama kamar zararriya, tana girki tana rawa, tana cewa masana za ta aika wa.

Sai firijin ofis ya lalace. Ta kawo farantin gida, shi kaɗai ke gare ta, ta ɓoye a firijinmu bayan madara. Ta manta wace ce uwarta. Kaka ko inuwa ta gani a ƙasa sai ta goge. Gwaggo ta dawo aiki ta tarar da farantin a kife yana ƙyalli, Kaka na jiran a yaba mata.

Mu dariya har da faɗuwa, ita kuwa kuka wiwi. Nan tausayinta ya kama ni.

Kaka ta tsaya kallonta, can ta ja hannunta zuwa ɗaki. Ta jawo akwatin ƙarƙashin gado da ba wanda ya taɓa ganin cikinsa. Rigar marigayi Kakanmu ce a ciki, shuɗiyar funfuna ta rufe ta. Ashe tun rasuwarsa ta kasa wanke ta, kada ƙanshinsa ya tafi.

Gwaggo ta shinshina, ta buga guɗa da hawaye a fuska: "Inna, ita ce!"

Kaka ta riƙe hannun rigar gam. "Ɗebi ƙazantarki," in ji ta, "ki bar min mijina."