Shekarar da Na Yi wa Ƙasa Ban Ruwa

Shekarun baya, bayan mun taso daga unguwar Tandabawi mun koma gidan da ɗan farina ya gina a gefen gari, na yi wani ciwo da ya kusa raba ni da Makka. Ni ban yi karatu ba. Faɗa nake yi, 'yata tana rubutawa, in kun ga kuskure nata ne.

Ciwon kuwa na mukayyif ne, na'urar sanyin nan ta bango. In an kunna, iskarta ta doke ni, ƙirji ya kama, gwiwoyi su riƙe. In an kashe, zafin garin nan ya sauko kamar an kifa mini tukunya. Likita ya ce ko a samo mini sanyi marar bugu, ko a kai ni inda iska take. 'Yata tana aure a Ɗa'ifa, kan dutse. Sai ga ta da akwati biyu, babu komai a ciki.

"Inna, tashi mu haɗa kaya. Can ko fanka ba kullum muke kunnawa ba."

Na ce, "Kakata da ƙafarta ta tako daga ƙasar Kano zuwa garin nan. Ni kuma mota ce za ta fitar da ni saboda gumi?"

Yayanta ya shiga tsakani. "Ya Ummi, ku ba ni bazara ɗaya. In aikin Hajji ya zo ba ki warke ba, ni da kaina zan kai ki."

Ya ce za a haƙa tsakar gida, a binne bututu mai ruwa yana zagayawa. Ruwan ya kwashi zafin ɗaki ya kai wa ƙasa, sanyi ya riƙa shigowa a hankali. Ƙanwarsa ta tuntsire da dariya.

"Yaya, ƙasar Makka? Wadda ake soya ƙwai a kanta?"

Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Bar shi. Randar mahaifiyata yake nufi. A yashi take binne ta har wuya, ruwanta ya fi na kowa sanyi."

Aka zo da inji, aka yi ta faɗa da dutse, har rami ya wuce tsayin mutum biyu. Aka shimfiɗa baƙin bututu, aka mayar da ƙasa. Sanyi ya zo, mai ladabi, tari ya lafa. Amma da azahar sai ya yi rauni, in ji gumi yana bin bayana. Sai na fara ganin akwatunan nan a idona.

Nan na tuna abu ɗaya: mahaifiyata ba ta barin yashin randa ya bushe. To kullum in na idar da asuba sai in ɗauki buta, in yi bisimilla, in bi layin ramin ina zubawa. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa, duk can. Ban gaya wa kowa ba.

Ran nan ɗana ya taka taɓo, fuskarsa ta canza.

"Bututu ya fashe! Khalas, shi ke nan, sai an sake haƙawa."

Ya kira muhandis, wato injiniyan da ya yi aikin, har an sauke diga. Na fito da butata a hannu, na ce, "Babu abin da ya fashe. Ni ce nake shayar da shi."

Muhandis ya dubi ɗana, ya dube ni, ya yi dariya har ya dafa bango. Da ya nutsu ya ce, "Wallahi Hajiya tana da gaskiya, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya karɓar zafi. Sai dai butarki, ya Hajiya, ko shekara za ki yi ba za ta kai can ƙasa ba."

Ya saka siririn tiyo mai huda-huda ya sauka cikin ramin, ya haɗa shi da wurin alwala. Ya kuma ɗan taɓa injin da ke tura ruwa cikin bututun. Shi ya ce taɓawar ce ta gyara. Ni ban yi masa musu ba, baƙo ne.

Da alhazai suka fara cika gari 'yata ta zo da niyyar ta tafi da ni. Ta zauna a tabarmata da tsakar rana don ta kama gumi a goshina, sai barci ya kwashe ta har la'asar.

Yau in na tuna, abin da nake gani shi ne: iliminsu ya yi zurfi, nawa bai wuce bakin randa ba, amma wuri ɗaya suka haɗu. Alhamdu lillahi, har yanzu a Makka nake jin kiran salla, kuma har yanzu nakan zuba buta ɗaya da safe, kowa ya yi kamar bai gani ba. Akwatunan kuwa da tufafinta suke zuwa yanzu, in ta zo kwana biyu ta yi mako. Ga ta nan ta ce kada a rubuta wannan. Na ce rubuta.